An Ce Jirgin Ruwanmu Daga Rum Zai Tashi: Ina Za Mu Kwana, Me Za Mu Hau Zuwa Tasha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna. Na biya mana kuɗin yawon shaƙatawa na mako guda a jirgin ruwa, ni da maiɗakina da mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa. A takarda an rubuta daga Rum, babban birnin Italiya, zai tashi ranar Asabar da ƙarfe 5 na yamma, ya zaga Girka da Turkiyya ya dawo. Mai yankar mana tikiti ya ce akwai jirgin sama da zai ɗauke mu daga Abuja ranar Juma'a ya sauke mu Rum da asubahin Asabar ɗin, saboda haka babu buƙatar otal, wai awa goma sha ɗaya ta ishi kowa. Anya kuwa? Idan sai mun kwana, a ina ya fi, kuma me za mu hau zuwa tashar jirgin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri da wannan hidima.

Kafin maganar otal, akwai abin da takardar ba ta fito da shi fili ba: jirginku ba a Rum yake ba. Rum ba ta bakin teku. Manyan jiragen yawo da ake cewa daga can suke tashi, a wani gari suke tsayawa mai suna Civitavecchia, ana faɗinsa Cibitabekkiya, kusan kilomita 80 arewa maso yamma da tsakiyar birnin. Ka ɗauka kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Ka sake duba takardarka, za ka ga sunan a maƙale kusa da na Rum, sau da yawa da ƙananan baƙaƙe. Tsohuwar tasha ce, tun zamanin Sarki Trajan a ƙarni na 2 Rumawa ke sauke kaya a nan. Ka haddace yadda ake rubuta sunan, don shi za ka riƙa nema a allunan tasha, shi kuma za ka nuna wa direba.

Sai lissafin mai tikitinka. Awa goma sha ɗaya a baki take, a ƙasa ba ta kai haka ba. Ƙarfe 5 lokacin kwance igiya ne, ba lokacin shiga ba. Kamfanoni kan rufe karɓar fasinja awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, wato wajen ƙarfe 3 ke nan, kuma ainihin lokacin yana rubuce a takardar shigarku. A ɗaya ɓangaren, daga Abuja sai kun sauya jirgi a hanya, ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Istanbul, ko Doha. Jirgin farko ya makara awa biyu, na biyu ya tafi ya bar ku, shi ke nan sai na gobe. Jirgin sama in ya wuce ka, ana iya sa ka a na bayansa. Jirgin ruwa ba shi da na baya. Tunda kuma da kanka ka yanki tikitin sama, ba ta hannun kamfanin jirgin ruwan ba, ba ruwansu da dalilin makararka: ba za su jira ba, ba za su maido kuɗi ba, sai dai ka bi su tashar gaba da kuɗin aljihunka, da Hajiya da gwiwarta.

Ko da ku kun iso lafiya, akwatin fa? Akwatin da aka bari a tashar sauyi yawanci jirgin washegari ke kawo shi. Wanda ya zo da wuri zai karɓi abinsa a Rum. Wanda ya zo ranar tashi zai yi mako guda a teku da rigar da ke jikinsa. Ƙara da layin jami'an shige da fice a filin jirgin saman Rum, wato Fiumicino, inda masu fasfo irin namu ke bin layin baƙi, kuma tun Oktoban 2025 Turai ta fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a bakin shiga.

Don haka ka sauya tikitin. Mafi ƙaranci ku sauka safiyar Juma'a. Da ni ne, safiyar Alhamis zan sauka. Dattijuwar da ta kwana zaune a jirgi tana buƙatar yini guda ta miƙe ƙafa, kai kuma sai ka samu sallar Juma'a a babban masallacin Rum da ke wajen unguwar Parioli, wanda aka buɗe a 1995, yana cikin mafi girma a Turai. Kuɗin kwana biyu a otal bai kai rabin ciwon rasa jirgin ba.

Inda za ku kwana ya danganta da wanne ka zaɓa. Idan dare ɗaya ne, kada ma ku shiga Rum. Daga Fiumicino ku miƙe Civitavecchia a mota, tafiyar kamar awa ɗaya ce ta bakin teku. Ƙaramin gari ne, ba shi da abin kallo sosai in ban da tsohuwar ganuwar da ake kira Forte Michelangelo da titin bakin ruwa, amma za ku wayi gari jirgin yana gabanku. Otal-otal ɗinsa ba su da yawa kuma suna cika da wuri a lokacin zafi, sai a kama tun yanzu. Shiga Rum da manyan akwatuna don kwana ɗaya, a fito da su washegari, wahala ce kawai ba riba.

Idan dare biyu ne, to Rum. Mutanenmu kan sauka kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, kuma da dalili: unguwar Esquilino da kewayen dandalin Piazza Vittorio cike suke da gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash da Larabawa, ga kasuwa, ga ƙananan masallatai. Aibinta hayaniya da 'yan sane. Fasfo da kuɗi su zauna a cikin riga, ba a aljihun gefe na kaftani ba, don wannan aljihun kamar da su aka ɗinka shi.

A nan zan ɗan daɗe, don a zaɓen otal ne masu tafiya da tsofaffi suka fi yin kuskure. Da yawa daga ƙananan otal na wannan yankin hawa ɗaya ne kawai a cikin tsohon gini, hawa na uku ko na huɗu. Za a rubuta maka akwai lifta, kuma gaskiya ne akwai, sai dai ka tarar da matakala goma kafin a kai gare ta, ko kuma ƙanƙanuwa ce da ba ta ɗaukar mutum biyu da akwati. Ka rubuta musu kai tsaye ka tambaya: daga bakin titi zuwa ƙofar ɗaki akwai matakala ko babu? Banɗakin na tsayuwa ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga? Mota tana iya tsayawa a bakin ƙofa? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce, domin lungunan tsohon gari da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe su, masu cin tayar akwati da gwiwar mai shekaru. Ɗaki biyu za ka kama, ka roƙa su zama a jere. Ka kuma gaya musu da asuba za ku iso, don ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana. Za su ajiye muku kaya, amma idan kana son Hajiya ta kwanta da isowarku, sai ka biya har da daren da ya gabata. Akwai harajin baƙi da birnin ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, 'yan yuro ne gwargwadon darajar otal ɗin, kuma galibi a teburin otal ake biya, ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet. Abu ɗaya da za ku ji daɗinsa: banɗakunan Italiya kusan duk suna da wurin tsarki da ruwa. Duk da haka ku saka ƙaramar butar roba, za ta yi amfani a jirgi.

Ka kama otal ɗin da za a iya sokewa ba asara, domin takardarsa na cikin abin da za ka kai wajen neman biza, kuma ba a san ranar da biza za ta fito ba. Kada ka yarda da takardar otal ta bogi da wasu dillalai ke haɗawa. Ana iya bincikawa, kuma jami'in filin jirgi na da ikon tambayarka ita tare da tikitin komawa da takardar jirgin ruwa.

Tunda maganar biza ta shigo: ka ce jirgin zai taɓa Turkiyya. Italiya da Girka duk cikin yankin Shengen suke, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. Da zarar jirgi ya tsaya can ya dawo, kun fita kun sake shiga ke nan, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, mai shiga da yawa za ka nema, ka haɗa da jadawalin jirgin a takardunka. Ma'aikatan jirgi na duba wannan a bakin shiga, kuma suna mayar da mutum a kansa. Ka kuma sa kamfanin ya rubuto maka abin da yake buƙata daga mai fasfon Nijeriya game da tsayawar Turkiyya, a rubuce, ba a waya ba. Ana karɓar takardun Shengen tun wata 6 kafin tafiya, inshorar lafiya ba ta gaza yuro 30,000 ba, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan dawowarku, don haka kamfanonin jiragen ruwa suka fi so.

Sai abin hawa. Daga Fiumicino zuwa Termini akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express, minti 32, yuro 14 kowane mutum. Ku uku ya kama 42. Tasi kuwa tana da tsayayyen farashi zuwa tsakiyar birni, yuro 55 mota guda har da kaya, ta sauke ku a ƙofar otal. Lissafin ya yi kansa. Ku bi layin fararen motoci masu tambarin birnin Rum a ƙofa. Duk wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa tasi, tasi, ku wuce shi.

Daga Rum zuwa Civitavecchia jirgin ƙasa shi ne mafi araha, kuɗinsa bai wuce 'yan yuro ba, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, yana kuma tsayawa a Ostiense da Trastevere da San Pietro. Ga matashi mai jaka ɗaya, ba abin da ya fi shi. Ku kam ba na ba ku shawararsa. A Termini jiragen wannan layin sukan tsaya can ƙarshen tasha, tafiyar kusan minti goma a ƙafa da kaya. Ba kujerar da aka ware maka. Kun sauka kuma ba ku iso ba, sai kun hau bas daga tashar jirgin ƙasa, yawanci zuwa wurin da ake kira Largo della Pace, daga nan motar tashar ruwa ta kai ku gindin jirginku, domin tashar faɗi gare ta kuma ba a yawo a cikinta a ƙafa. Hawa da sauka uku ke nan da akwatuna. Ga yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda ba baƙon abu ba ne a Italiya, ko da yake ana sanar da ranarsa tun kafin ta zo. Idan duk da haka jirgin ƙasan kuka zaɓa, tikitin takarda sai an buga shi a ƙaramar na'urar da ke bakin layi kafin a hau, in ba haka ba tara ce, kuma mai duba tikiti ba ya jin ban sani ba.

Abin da ya dace da ku shi ne motar haya mai direba da ake kamawa tun kafin ranar, irin wadda Italiyawa ke kira NCC. Kuɗinta ya haura yuro 100, amma na mota ne ba na mutum ba. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya: yana da izinin shiga cikin tasha har gindin jirgi, ko a bakin ƙofa zai ajiye ku? Ka ba shi sunan jirgin, ba sunan kamfani kaɗai ba, don a rana ɗaya jirage da dama ke tsaye. Ka faɗa masa yawan akwatuna don ya zo da babbar mota. Kamfanin jirgin ma na sayar da kujerar bas daga filin jirgi ko cikin gari, amma kowane mutum da kuɗinsa, ku uku sai ya kusa kamo kuɗin motar. Ku bar otal wajen ƙarfe 10 na safe, ko yadda zai dace da lokacin shigar da aka ba ku.

Kafin wannan safiyar, ka gama rajistar shiga ta intanet, ka buga takardun da ake liƙa wa akwati. A bakin tasha za a karɓe manyan akwatuna, ba za ku sake ganinsu ba sai yamma a ƙofar ɗaki, saboda haka maganin Hajiya, fasfo, caja, darduma da kayan sauyi ɗaya su zauna a jakar hannu. Ka nemi keken marasa lafiya daga kamfanin jirgin sama aƙalla awa 48 kafin tashi, ka sanar da na ruwan ma. Dutsen guga da butar lantarki ba sa shiga jirgi, za a karɓe. Kilishi da dambun nama kuwa tun a filin jirgin sama za su tsaya, don dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje. Ka faɗa wa Hajiya tun a gida, kada a yi rigimar a gaban jami'in kwastan. Katin banki ka tafi da na dala ko yuro wanda ka tabbatar yana aiki a waje, domin otal da jirgi duk sukan riƙe wani abu a kati a matsayin jingina, ka haɗa da tsabar kuɗi kaɗan.

Ranar dawowa ma nisan nan yana nan. Jirgi kan iso da sassafe, amma rukuni-rukuni ake sauke mutane, sai neman akwati, sai awa ɗaya a mota, sai awa uku da ake so ka riga jirgin sama. Kada ka karɓi tikitin komawa da zai tashi kafin ƙarfe 1 na rana. Ka kama motar dawowar tare da ta zuwa, ka karɓi lambar direban tun ranar da ya sauke ku.