Amsa ga mai tambaya kan buɗe shafin sayar da atamfa

Hajiya, kin ce kina da shago a Wunti, cikin garin Bauchi, wani yaro ya ce ki biya shi ya gina miki shafin intanet irin na Jumia. Ni dai shawarata, ki dakata tukuna.

Jumia ta fara a Legas tun 2012 da kuɗin manyan masu zuba jari na waje, ga ɗakunan ajiya, ga masu kai kaya, amma ta yi shekaru tana tafka asara. Gina shafin ba wuya. Wa zai shiga, shi ne aikin. Matan Bauchi ba sa neman atamfa a Google, status ɗin WhatsApp suke leƙawa bayan isha'i.

Ƙanwata da turaren wuta ta fara. Hoto take ɗauka da hantsi a bakin taga, ta rubuta farashi a jiki, don yawancin mutane ba sa son tambaya. Idan za ta biya talla a Facebook ko Instagram, sai ta zaɓi mata na Bauchi da Gombe da Jos kawai, ba Najeriya duka ba. Mai saye ta tura kuɗi, ita kuma ta kai kayan tasha, ta ba direba, ta tura lambarsa. Amma ki kula da alat na bogi, sau biyu aka yi mata. Sai kin ga kuɗi a asusunki kaya su fita.

Ranar da oda ta fi ƙarfin wayarki, ki kira yaron nan ku yi ciniki.