Lambar inji ta saɓa da ta takarda: matsayin mai tsohuwar mota a gaban doka

Tambaya: Metir, barka da aiki. Na sayi tsohuwar Peugeot 504 a hannun wani dillalin motoci a nan Damagaram, na biya kuɗi, ya ba ni kart-giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar ciniki. Da na kai ta garaji, sai bakanike ya ce lambar da ke jikin inji ba ita ce aka rubuta a takardar ciniki ba. Shin motar sata na saya, kuma me doka ta tanadar mini? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Malam, kafin a kai ga zancen sata, ya kamata ka tabbatar cewa lambar da bakanike ya karanta ita ce lambar inji ta gaskiya, domin a jikin tsohon inji akwai rubutu iri biyu. Akwai wanda ya taso sama, wanda aka zubo shi tare da ƙarfen tun a masana'anta, kuma dubban injuna suna ɗauke da irinsa, saboda haka ba ya shaidar komai. Akwai kuma wanda aka buga da ƙarfe ya nutse ciki, a kan wani ɗan fili mai santsi a gefen gangar injin, kuma wannan ne ake nufi da lambar inji. Ba a nemanta a jikin kulas, wato kan inji, ko murfin sama, tunda waɗannan ana canza su.

A wanke wurin da kananzir da tsumma, a goga alli a share, sannan a haska tocila daga gefe, domin hasken gefe ne ke raba 3 da 8, da kuma 5 da 6. A ɗora farar takarda a goga fensir a kai, a ɗauki hoto. Kada a bari kowa ya sa sanfefa ko injin gurza ƙarfe, domin sawun gurza a wannan fili shi ne abu na farko da jandarma zai zarga.

Ko da lambar ta saɓa da gaske, wannan kaɗai bai mayar da mota ta sata ba. An fara ƙera 504 a 1968, kuma an shafe kusan shekara 30 ana haɗa ta a Kaduna tun daga 1975, don haka da wuya a sami wadda ta yi ta zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano ba a taɓa sauke mata inji ba. Canza inji ba laifi ba ne. Abin da hukuma ta san mota da shi shi ne lambar shasi, wadda aka buga a jikin motar kanta, kuma ita ce dole ta dace da kart-giriz. Idan ka ga tata gajera ce kada ka firgita, domin tsarin lamba mai gurbi 17, wanda ba ya amfani da haruffan I da O da Q, sai a wajen 1981 ya zama gama-gari.

Idan shasi ya dace, kuma lambar inji ba ta da alamar taɓi, hanyar mai sauƙi ce. Ka nemi dillali ya kawo rasidin sayen injin, da takardar duwan idan daga ƙetare aka shigo da shi, sannan ku gyara takardar ciniki ku sa hannu gaban shaidu, a buga hatimi a kwamisariya ko ofishin magajin gari. Idan kuwa sabon injin ya bambanta da na asali, misali an cire mai shan fetur an sa mai shan gazuwal, to wajibi ne a sanar da ofishin sufuri na jiha a gyara kart-giriz, a kuma sanar da kamfanin inshora, domin ranar da tsautsayi ya faru zai iya kafa hujja da wannan saɓani ya ƙi biya.

Inda lamarin yake da nauyi shi ne idan an ga fili a gurje, ko lambobi a karkace, wasu sun fi wasu zurfi. A nan ina ba ka shawarar ka kira usiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida da isar da takardun kotu, ya zo garaji ya rubuta abin da ya gani da idonsa, kafin a sake taɓa motar, sannan ka je da ƙafarka wurin 'yan sanda ko jandarma ka nemi a bincika. Dokar hukunta laifuka tana kama wanda ya riƙe kayan sata da saninsa, kuma daga ranar da bakanike ya nuna maka, zai yi wuya ka ce ba ka da labari. Wasu za su ce maka a sake buga lambar ta dace da takarda. Wannan jabu ne, kuma shi ne zai mayar da kai daga wanda aka cuta zuwa wanda ake tuhuma.

Kundin dokokin farar hula na Nijar ya ba mai saye da zuciya ɗaya kariya. Aya ta 2279 ta ɗauki riƙon kayan da ake iya ɗauka a matsayin hujjar mallaka, amma ta bai wa wanda aka yi wa sata shekara 3 daga ranar satar ya nemi abinsa a hannun duk wanda ya same shi. Aya ta 2280 ta ƙara da cewa idan a kasuwa ka saya, ko a hannun ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan, mai kayan ba zai karɓa ba sai ya mayar maka da kuɗin da ka biya. Saboda haka ka adana duk abin da ke nuna cewa mutumin nan sayar da motoci ne aikinsa.

Shi kuma wanda ya sayar maka, aya ta 1626 ta ɗora masa lamunin cewa ba za a ƙwace maka abin da ka saya ba, aya ta 1116 kuma ta ba ka damar neman a warware ciniki idan ka nuna ya yaudare ka da gangan. Ka fara aika masa takardar gargaɗi ta hannun usiye, ka yanka masa wa'adi ya kawo takardun injin ko ya mayar da kuɗi. Idan wa'adin ya wuce bai yi ko ɗaya ba, sai ka shigar da ƙara a kotun Damagaram, tare da rahoton usiye da hotuna da takardar ciniki.