Intanet ta wayar lantarki na cika min rediyo da ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma ina da lasisin rediyon sadarwa na masu sha'awa. Wata biyu ke nan da zarar na kunna na'urata a gajeren zango sai ƙara ta cika ta, wani "shuuu" haɗe da ƙas-ƙas. An ce min na'urar intanet da ake sakawa a soket ce. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa wanda ya faɗa maka ya yi daidai. Waɗannan na'urori, irin su HomePlug AV, suna tura intanet ta cikin wayar wutar gida a tsakanin megahaz 2 zuwa 30, wato daidai inda gajeren zango yake. Ita kuwa wayar wuta ba ta da rufin da zai tsare sigina, sai ta koma eriya tana watsa shi ko'ina. Masu ƙera su suna rage ƙarfinsu a zangon masu sha'awa, kamar zangon da ake kira mita 40 da wanda ake kira mita 20, amma ragewa ce kawai. In eriyarka na kusa da bango, za ka ji.

Kafin ka sayi komai, gano daga inda take fitowa. Haɗa rediyon da batir, ka kashe babban makunnin wutar gidanka. In ƙarar ta ɗauke, ɓarawon a cikin gida yake. Sai ka riƙa kunna layukan ɗaya bayan ɗaya har ta dawo. Ka lura kuma: wannan ƙarar tana ƙaruwa ne sa'ad da wani ke sauke babban fayil ko kallon bidiyo. Wadda ba ta canzawa kuwa, sau da yawa cajar waya ce mai arha ko ƙwan LED.

In taka ce, cire ta. Shawarata ke nan kullum. Ja wayar intanet ta Cat6, wadda ke kaiwa mita 100 lafiya lau, ko ka ƙara Wi-Fi.

In ta maƙwabci ce, a nan ake son haƙuri. Bai san yana damun kowa ba, shi dai ya sayi kaya a shago ya saka. Je ka da sallama, ka riƙe ƙaramar rediyo, ka roƙe shi ya zare na'urar na minti ɗaya don ya ji bambancin da kunnensa. Ni da zan ce ma ka saya masa wayar da kuɗinka, ya fi sauƙi a kan rigima. Sai in abin ya faskara ka kai koke Ofcom, hukumar sadarwar Birtaniya. A Amurka har kotu aka je: ƙungiyar ARRL ta masu sha'awar rediyo ta ƙalubalanci dokokin FCC, hukumar sadarwar ƙasar, kan tura intanet ta layukan kamfanonin wutar lantarki, kuma a 2008 kotu ta ba ta gaskiya a wasu batutuwan.

Ta ɓangarenka, nisanta eriya daga ginin gwargwadon filin da kake da shi. Sannan ka naɗa wayar eriyar sau goma ko makamancin haka a zoben ferayit (wani sinadari mai ƙarfe a ciki da ake rage ƙara da shi), nau'i na 31, ɗaya a gindin eriya, ɗaya kusa da rediyo. Wannan yana tare ƙarar da ke bin bayan waya ta shigo. Wadda eriya ta kamo daga iska kuwa zobe ba ya maganinta, sai na'urar soke ƙara mai amfani da ƙaramar eriya ta biyu.