Na sauya netwok a MetaMask sai USDT ɗina suka ɓace, ina suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, na dala 150 a kasuwar musayar kirifto, na cire su ta BEP20 zuwa walat ɗin MetaMask da ke burauzar kwamfutata. Dandalin da nake son aiki da shi a kan Arbitrum yake. Ina sauya netwok zuwa Arbitrum sai na ga sifili. Kuɗina sun tafi ke nan? In suna nan, yaya zan kai su can?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Cirewa ta BEP20 na nufin a netwok ɗin BNB Smart Chain aka tura su, don haka mayar da MetaMask kan BNB Smart Chain za ka gan su. In ba su fito ba, kwafi adireshinka, wanda ya fara da 0x, ka liƙa shi a BscScan, shafin duba hada-hadar wannan netwok ɗin, za ka ga USDT ɗinka a rubuce da ranar da suka shigo. Daga nan sai ka kwafo adireshin kwantiragin USDT ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da USDT a netwok ɗin, ka shigar a walat domin ta riƙa nuna su.

Abin da ya rikita ka shi ne zaton cewa kuɗin a cikin MetaMask suke. Makulli kawai walat take riƙe maka, su kuwa kuɗin suna rubuce a kundin netwok ɗin da aka tura su. Ka ɗauka kana da shago a Kantin Kwari da wani a Kasuwar Kurmi, makulli ɗaya ke buɗe su duka. Atamfar da ka jibge a Kwari ba za ka tarar da ita a Kurmi ba don kawai ƙofar ta buɗu, sai an yi dakonta. Haka Ethereum da BNB Smart Chain da Polygon da Arbitrum suke: adireshinka ɗaya ne a kansu, amma kowanne da kundinsa. 

Kafin maganar dako, duba ko kana da BNB. Nan ne mutane suka fi maƙalewa. Kowane netwok da kuɗin da ake biyan gas, wato cajin turawa, da shi: BNB a BNB Smart Chain inda kuɗinka suke yanzu, ETH a Arbitrum, POL a Polygon. Kwanaki wani matashi ya kawo mini kwamfutarsa, USDT na nan a allo yana kallo, ya yi ta danna maɓallin turawa yana ƙi, har ya fara rantsuwa an yi masa kutse. BNB ne babu a walat ɗin. Da aka tura masa na dala ɗaya, nan take ta wuce.

Ga kuɗi kamar naka, shawarata ka bi ta kasuwar da ka saya. Buɗe wurin ajiyar USDT, zaɓi BEP20, tura su can daga MetaMask. In sun sauka, ka sake cire su, wannan karon ka zaɓi Arbitrum One. Ka haɗa da ɗan ETH na dala biyu ko uku ta wannan netwok ɗin, in ba haka ba za su isa amma ba za ka iya motsa su ba. Kada hannunka ya kai kan TRC20, domin na Tron ne, adireshinsa da T yake farawa.

Ɗaya hanyar ita ce gada, wato manhajar da ke tsallakar da kuɗi daga wani netwok zuwa wani. Wata gadar kulle kuɗinka take yi a wannan ɓangaren ta buga maka madadinsu a wancan, wata kuma tana da tarin kuɗi a ɓangarorin biyu, ta karɓa nan ta biya ka can. Gadar Arbitrum ta asali ba za ta yi maka aiki ba, domin Ethereum take haɗawa da Arbitrum, kuma dawowa ta cikinta kan ɗauki kimanin kwana 7. Wadda ke cikin MetaMask kanta za ta fi maka sauƙi: ka zaɓi inda za su tashi da inda za su sauka, ta nuna maka nawa za su isa bayan an cire caji. Sau biyu za ka sa hannu. Na farko, wanda aka rubuta Approve, izini ne kake ba kwantiragin gadar ya taɓa USDT ɗinka, don haka ka rubuta iya adadin da za ka tura, kada ka bar shi babu iyaka. Na biyu shi ne turawar.

Ina ɗari-ɗari da gadoji ne saboda kuɗin jama'a a wuri ɗaya suke taruwa, ɓarayi kuma sun san haka. A Fabrairun 2022 an kwashe kimanin dala miliyan 320 daga gadar Wormhole, a Maris na shekarar aka sace sama da miliyan 600 daga gadar Ronin. Wanda ya fi cin ƙananan masu kuɗi ma shi ne shafin bogi, irin wanda ke fitowa a matsayin talla a saman sakamakon bincike, ko wanda wani zai turo maka a Telegram da sunan taimako. Duk shafin da ya nemi kalmomin sirri 12 na walat ɗinka, rufe shi nan take, babu gadar da ke buƙatarsu.

Ko wace hanya ka ɗauka, fara da dala 10. Liƙa adireshinka a Arbiscan, shafin duba hada-hadar Arbitrum, ka ga sun sauka da idonka, sannan ka tura sauran.