Tambaya da Amsa: Me ya kai kamfanin jiragen dakon kaya wajen rijiyoyin mai na teku?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua, ina sayo kayan gini daga Sin, ta Lome suke sauka. Na ji an ce kamfanin jiragen ruwan da ke ɗauko mana kwantena zai shiga yi wa masu haƙar mai a cikin teku hidima. Wane irin aiki ne wannan, kuma zai sa kuɗin dako ya ƙaru?

Amsa: Alhaji, ka ɗauki mai babbar mota da ke lodin albasa a Galmi. In albasa ta fito, kuɗin mota ya hau. In ta ƙare, sai motar ta yi sati a tasha, direba na ta dafa shayi a ƙarƙashinta. To a ce wani kamfani ya zo ya ce a ba shi hayarta shekara biyar, kullum ga kuɗi, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Wa zai ƙi? Lissafin masu jiragen ke nan. Kuɗin dakon kwantena ya yi tashin gwauron zabi a 2021, ya faɗo warwas a 2023, su kuwa kamfanonin mai hayar jirgi suke yi, kwana-kwana ake lissafa kuɗin, wani lokaci yarjejeniyar ta shekaru.

Aikin kansa fa? Dubi filin Bonga na Najeriya, wanda ya fara ba da mai a 2005, kilomita kusan 120 daga gaɓa. Bututu, siminti, gazuwal, hatta abincin ma'aikata, duk jirgi ke kai su. Jirgin zai tsaya dab da dandamalin haƙar ba tare da ya jefa anga ba. Kwamfuta ce ke ta juya injinansa don igiyar ruwa kada ta buga shi da ƙarfe, ƙugiya na kwashe kaya daga bayansa. Akwai masu jan dandamalin daga wuri zuwa wuri, akwai masu nutsar da na'ura ta duba bututun da ke ƙasan ruwa. Yanzu kuma an ƙara da kafa fankokin samar da lantarki a tekun Turai.

Sai dai harkar ba gadar zare ba ce kawai ga wanda bai sani ba, har manya ta ƙona. Maersk, kamfanin jiragen kwantena na ƙasar Danmark, ya daɗe a cikinta: ya kafa reshen jiragen hidima a 1967. Da farashin gangar mai ya rikito daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, kamfanonin mai suka dakatar da haƙa, jirage suka yi ta zaman kashe wando a tashoshi. A 2017 Maersk ya amince ya sayar wa Total reshensa na mai kan dala biliyan 7.45, a 2019 ya ware reshen haƙa, ya koma kan kwantenarsa. Jirgin hidima kuma ba ya rikiɗa ya ɗauki kwantena in aiki ya yanke, ƙirarsu daban.

Kada ka ce mu da ba mu da teku ina ruwanmu. Man Agadem yana bin bututu mai tsawon kilomita kusan 2,000 zuwa Seme a Benin, kuma a cikin ruwa, nesa da gaɓa, ake ɗura wa tanka. Ƙananan jiragen da ke riƙe tankar da miƙa mata tiyo, irin wannan hidimar ce suke yi.

Kuɗin dakonka kuwa, ban ga dalilin da zai sa wannan ya taɓa shi ba, tunda jirgin hidima daban, jirgin kwantena daban. Ka fi sa ido kan kwanakin da kwantenarka ke yi a Lome, da kuɗin duwan, da doguwar hanyar Burkina da motoci ke bi kafin su iso Yamai.