Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ya jera duwatsun nan na harrar Khaibar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni direba ne anan Madina, anan aka haifeni, kakana ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Katsina ta Sudan. Watan jiya mun fita barri, wato daji, da yara ta wajen Khaibar, muka bar kwalta muka hau harra, wato filin baƙaƙen duwatsun aman wuta, sai naga baƙaƙen duwatsu an jera su kamar shinge, wasu a zagaye kamar kufan bukka, wasu dogaye sun fi filin ƙwallo tsawo amma katangar bata wuce gwiwata ba. Abokina yace aikin aljanu ne, wani yace na Samudawa ne, wani kuma yace zinare aka binne a ƙasa. Ni dai na ɗauki duwatsu uku mun yi murhu mun dafa shayi, tun ranar raina bai kwanta ba. Dan Allah menene gaskiyar abin nan? Daga mai karatunku a Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan kaka. Kwantar da hankalinka, hannun ɗan Adam ne ya jera duwatsun nan, makiyaya ne da maharba irin namu, sai dai sun daɗe ƙwarai, wasu daga cikin abin da ka gani sun kai shekara 7,000, wato sun girmi dalar Masar da sama da shekara 2,000.

Kuma ba abu ɗaya ka gani ba, bari in fara da dogayen don su suka fi ɗaure wa mutane kai. Masana suna kiransu mustaɗil, kalmar Larabcin nan da ka sani ta abu mai kusurwa huɗu, an ƙirga sama da 1,000 a arewa maso yammacin Saudiyya, ƙananan mita 20, manyan sun haura mita 600. A 2017 wani farfesa mai suna David Kennedy ya ƙirga kusan 400 a harrar Khaibar ta hotunan Google Earth, daga baya masana na jami'ar Yammacin Ostireliya tare da hukumar da ke kula da garin Ula suka bi su da jirgi mai saukar ungulu da kuma ƙafa, suka fitar da sakamako a 2021. Duk wanda ya taɓa kiwo da ya gani zai ce garke ne, nima haka na fara cewa wallahi, to amma ka duba da kyau, katangar da bata wuce gwiwa ba wace saniya zata tsare, akuya ma tsallakewa zata yi tana tauna, ga ƙofar siririya sai mutum ɗaya ɗaya. Da suka tona kan ginin, inda duwatsun suka fi tudu, sai suka tarar da ɗan ƙaramin ɗaki da dutse a tsaye a tsakiya, an kewaye shi da ƙahonni da ƙoƙon kan shanu da awaki da barewa, babu ƙashin cinya ko haƙarƙari, kai da ƙaho kawai aka zaɓa aka ajiye. Gwajin kabon da aka yi wa ƙasusuwan shine ya bada shekarun, wajen 5,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi yasa masana suka tafi akan wurin taro ne da yanka na mutanen jahiliyyar farko.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shine shanun. Kai da ka tsaya a wurin ka san yanzu ko raƙumi sai ya wahala, to saniya kuwa bata jimirin ƙishirwa, kenan lokacin ƙasar nan tana da damina da ciyawa da tafkuna. In ka samu hali ka je Jubba ko Shuwaimis a yankin Ha'il, waɗanda UNESCO ta saka a jerinta a 2015, zaka ga zanen shanu masu dogon ƙaho a jikin dutse, kai kace garken Bororo ne a dajin Borno.

Masu zagayen nan kuma kala biyu ne. Akwai kufan gidaje na gaske, an tona irinsu a harrar Uwairid kusa da Ula, faɗinsu mita 4 zuwa 8, an kakkafa falalen duwatsu a tsaye layi biyu sun zama gindin bango, a sa itace a tsakani a rufa sama, an samu murhu da dutsen niƙa da ƙashin awaki da tumaki har da wuri na teku da aka huda don ado. In ka taɓa ganin ruga bayan Fulani sun tashi, da'irar bukka da toka da turaku, to kusan haka ne, illa nasu na dutse ne shi yasa ya zauna. Ɗaya kalar kuma kaburbura ne, tulin dutse mai jela a bayansa, an jera su dama da hagu a gefen tsofaffin hanyoyin da suka fita daga Khaibar, waɗannan basu kai mustaɗil tsufa ba, wajen shekara 4,500 ne. Akwai kuma tarkon barewa, katanga biyu dogaye suna matsewa kamar mazurari har su kai ga wani fili mai ramuka a gefe, a koro dabbobi su afka, irinsu ɗaruruwa ne a kewayen Khaibar.

Maganar Samudawa, wurin da aka sani da wannan a hadisi shine Hijir, wato Mada'in Salih kusa da Ula, ba harrar Khaibar ba, hukuncin ziyara kuma ka tambayi malamai ga su nan birjik a Harami. Zinare kuwa babu, ƙashi ne da toka da ƙaho, kuma masu wannan zancen su suka fi kowa ɓarna, mutum ya zo da dare ya farke kabarin da ya shekara dubbai a kwance ya tafi hannu wofi. Duwatsunka uku baka sani ba ne Alhaji, amma kar a ƙara, ka ɗauki na ƙasa waɗanda ba a jere suke ba, kar kuma a hau katanga da sayyara, wato mota. Dokar kayan tarihi ta ƙasar nan ta hana tono da ɗauka, akwai tara akwai ɗauri, in ka ga wani abu ka ɗauki hoto da jawwal, wato wayar hannu, ka sanar da Hai'atut Turas, hukumar kula da kayan tarihi.

TAMBAYA: Malam ina wuni, mun je Baha hutu da maigida, mun ga gidajen dutse akan tsauni babu kowa ciki, suma na mutanen farko ne? Daga 'yar'uwarku a Jidda.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. A'a waɗannan na jiya jiya ne in aka gwada da na Khaibar. In ƙauyen Zi Ain kuka je, wanda ke kan farin dutse a hanyar Makhwa da ayaba a ƙasanta, shekarunta wajen 400 ne, jikokin masu gidajen suna nan da ransu, sun dai sauko ne sun koma gidan siminti kusa da kwalta da wuta. Dogayen hasumiyoyin da kike gani akan tuddai na gadi ne da ajiyar hatsi, matattakalar da ke jikin tsauni kuma gonaki ne, an yi katangar don ta riƙe ƙasa da ruwan sama, irin abin da mutanen Sukur suka yi a tsaunukan Adamawa. In kun sake fita ki ce wa maigida ku zarce Rijal Alma a Asir, ki shiga cikin ɗakunan ki ga zanen bango da ake kira ƙaɗɗ, ja da kore da rawaya da baƙi akan farin bango, mata ne suke yinsa da hannunsu.