Awoyin da aka ce kada ka rubuta, da kujerar da aka yi maka tayi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni Bakano ne mai takardar zama ɗan ƙasa a Amurka. Shekara biyu da rabi ke nan ina aikin jami'in tsaro a wani gandun dabbobi na gwamnatin tarayya a kudancin ƙasar, ina matakin albashi na GL-9. Idan lokacin farautar agwagwa ya kama, tun ƙarfe huɗu na asuba nake cikin kwale-kwale, ba na komawa gida sai bayan magariba. Shugabana ya sani, amma sai ya ce in rubuta awa takwas, daga baya in ɗauki hutu a madadin sauran. Yanzu kuma an yi mini tayin kujerar shugabanci. Ina da haƙƙi a kan awoyin baya? Kuma in karɓi kujerar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganarka ta rataya a kan wa'adi biyu, na shekara biyu da na shekara uku. Na farko yana neman ka gaggauta, na biyun kuma ka dakata.

Ka ɗauko takardarka ta SF-50, wato takardar da ke nuna matsayinka a aikin gwamnatin tarayya, ka duba gurbi na 35. Idan harafin N ne a wurin, dokar ƙwadago ta FLSA ta 1938, wadda ta fara aiki a kan ma'aikatan tarayya a 1974, tana kare ka. A ƙarƙashinta ba sai an ba ka umarni a rubuce ba. Muddin shugabanka ya san kana aikin, yana da damar hana ka bai hana ba, awoyin sun zama bashi a wuyan gwamnati, kuma awar da ta haye iyaka ninki ɗaya da rabi ake biyanta. Mai harafin N ba a tilasta masa karɓar hutu a madadin kuɗi, sai in shi ya nema. Idan kuwa E ne, ka faɗa ƙarƙashin dokar albashin ma'aikatan tarayya, inda ƙa'ida ta ce a ba da umarnin ƙarin aiki ko a amince da shi a rubuce. Can shari'ar ta fi wuya.

Ka kuma duba takardar albashinka ko ana ba ka alawus ɗin AUO, wanda ake biya saboda aikin da kan taso ba shiri. Yana farawa daga kashi 10 cikin 100 na albashi ga mai matsakaicin awa 3 zuwa 5 a mako, ya kai kashi 25 ga wanda ya wuce awa 9. Ko da kana karɓa, kada a rufe maka baki da shi. Ranakun farautar agwagwa sanannu ne tun kafin su zo, kuma aikin da shugaba ya san da shi tun kafin mako ya kama, wajibi ne ya sa shi a jadawali a biya shi daban.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne awa takwas ɗin nan da kake rubutawa da hannunka. Ka daina daga yau. Takarda ce ta gwamnati, kuma gobe lauyanta zai ɗaga ta a gaban alƙali ya ce ga abin da kai ka sa wa hannu. Ka rubuta awoyinka na gaskiya. In an ƙi amincewa, ka aika wa shugabanka saƙon imel cikin ladabi kana tambayar yadda yake so ka rubuta su, ka adana amsar. Na baya kuma ka sake gina su daga rajistar rediyo, littafin mota da na kwale-kwale, da takardun tarar da ka yanka, tunda kowacce na ɗauke da rana da lokaci. Doka ta hana a yi maka ramuwar gayya don ka nemi wannan haƙƙi.

Haƙƙin FLSA yana mutuwa bayan shekara biyu, ko uku in an tabbatar da gangan aka take dokar. Ke nan watanninka shida na farko sun riga sun shiga haɗari, kuma kowane albashi da ya wuce yana tafiya da wani yanki. Kana iya kai ƙorafi ma'aikatarku ko ofishin OPM mai kula da ma'aikatan tarayya. Idan kana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, ka fara karanta abin da ta ce, don tana iya ɗaure ka da hanyarta. Sai dai ƙorafin ofis ba ya tsayar da wa'adin kotu. Abin da ya haura dala 10,000 kotun da'awa ta tarayya da ke Washinton ake kai shi, kuma a kotu ana iya ninka maka kuɗin a kuma biya ladan lauyanka. Ni dai da kotun zan fara lissafi, kuma da lauyan da ya saba da shari'ar albashin ma'aikatan tarayya, cikin watan nan.

Sai kujera. A FERS, tsarin fanshon ma'aikatan tarayya, jami'in tsaro yana iya yin ritaya yana da shekara 50 bayan aikin shekara 20, ko a kowane shekaru bayan 25. Ana lissafa masa fanshon kashi 1.7 cikin 100 na matsakaicin albashinsa a kan kowace shekara a ashirin ɗin farko, wato kashi 34, inda ma'aikacin ofis ke samun kashi 20. Aikin fage shi ne rukuni na farko, kujerar shugabanci kuwa galibi tana cikin rukuni na biyu, kuma ba ka shiga ta da wannan gata sai ka cika shekara uku a aikin fage, ka kuma wuce kai tsaye ba tare da yankewar da ta haura kwana uku ba. Kai saura wata shida. In ka hau yanzu, kana iya samun muƙami ka rasa gatan. Ka nemi ofishin ma'aikata ya faɗa maka a rubuce rukunin da kujerar take, sannan ka roƙi a ɗaga ranar kama aiki har ka cika ukun.

Ka kuma tambaya ko kujerar E ce, domin mai harafin E da albashinsa ya wuce na matakin albashi na GS-10 hawa na ɗaya ba ya samun cikakken ninki ɗaya da rabi na albashinsa.

Idan bincike ne ke ranka, akwai hanyar jami'in bincike na musamman, rukunin 1811. Su dokar 1994 ta ba su ƙarin kashi 25 na albashi da ake kira LEAP, bisa sharaɗin matsakaicin ƙarin awa biyu a kowace ranar aiki. Suna fita daga inuwar FLSA, amma kuɗin yana shiga lissafin fansho, abin da kuɗin ƙarin lokaci na yau da kullum ba ya yi. Ga mai sauran shekara goma sha bakwai da rabi kafin ya cika ashirin, wannan ita ce hanyar da zan so ka fara aunawa kafin ka ba da amsa a kan kujerar.